Jiki Shi Ne Jari: Tarihin Gudu da Tsalle a Finafinan Yamai

Duk wanda ya saba zama da samarin Yamai a fada da daddare, ana dafa shayi ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu, lalle ya taɓa ganin hotunan nan na waɗansu matasa da ke gudu bisa rufin benaye, suna dira daga wannan katanga zuwa waccan, su faɗi su mirgina su miƙe, su ci gaba da gudu ba tare da ko waiwaye ba. Wannan wasa shi ake kira parkour, kuma masu shirya finafinan faɗa waɗanda aljihunsu ba shi da nauyi sun riƙe shi hannu bibbiyu tun farkon wannan ƙarni, bisa wani dalili wanda ba ya bukatar dogon sharhi: mawadaci in yana son ya tsinka zukatan 'yan kallo sai ya sayi motoci ya farfasa, ko ya gina gida ya banka masa wuta, amma wanda ko kuɗin mai ba shi da shi, abin da ya rage masa shi ne saurayi mai ƙashi da zuciya, da katanga, da kamara guda. Wannan hikima ta mai da jikin ɗan wasa ya zama jarin fim, Yamai ta san ta fiye da shekara talatin kafin Faransawa su nuna wa duniya parkour a majigi, kuma abin mamaki, in aka bi silsilar abin nan biyu a hankali, sai a tarar sun taɓa ratsawa ta ƙasa guda a zamani guda.

Isnadin parkour yana komawa ga wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Georges Hébert, wanda aka haifa a 1875 ya mutu a 1957. A cikin tafiye-tafiyensa ya ga mutanen Afirka suna gudu da hawa da iyo da ɗaukar kaya, da ƙarfi da sassaucin gaɓɓai irin wanda bai gani ga sojojin ƙasarsa ba, alhali kuwa ba su taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba. Sai ya tsara wata hanyar horo wadda ya jingina ta ga ɗabi'a, ya tattara ta bisa ayyuka goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, tsayuwa bisa siririn abu, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai, da iyo. Yabon da ya yi wa baƙar fata yabo ne na ɗan zamanin mulkin mallaka, wanda ke kallon jiki ya kau da kai daga hankalin mai jikin, amma duk da haka abin da idonsa ya gani gaskiya ne. Daga tsarin nasa rundunar Faransa ta ciro filin horon nan mai katangu da ramuka da igiyoyi, wanda duk tsohon sojan da ya yi aiki ƙarƙashin tutarsu ya san wahalarsa.

Daga nan riwaya ta gangaro ga Raymond Belle, wanda aka haifa a Indocin a 1939, ya tashi a makarantar marayun soja a garin Dalat, inda ya riƙa horar da kansa a wannan fili domin kada a fi ƙarfinsa. Bayan Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954 aka kawo shi Faransa, daga baya ya shiga rundunar 'yan kwana-kwana ta Paris ya yi suna wajen ceton rai. Ɗansa David, haihuwar 1973, shi ya ɗauki abin daga bakin mahaifinsa ya kai shi unguwannin Lisses da Évry a bayan Paris, ya haɗu da abokai waɗanda galibinsu 'ya'yan baƙi ne daga Afirka da Asiya da tsibirai, suka mai da benayen gwamnati da aka tara talakawa a cikinsu su zama filin horonsu. Ƙungiyarsu ta Yamakasi ta fito a fim mai wannan suna a 2001. A 2004 David Belle ya fito a Banlieue 13, inda a gudun farko ya ratsa ta 'yar tagar da ke bisa ƙofa ƙafafu a gaba. A 2006 kuma abokinsu Sébastien Foucan ya buɗe fim ɗin James Bond na Casino Royale da gudu bisa ƙarafan gini. Tun daga lokacin duk mai kamara da ƙaramin jari, daga gabas har yamma, ya gane an buɗe masa ƙofa.

To, a shekarun da Raymond Belle yake yaro a Dalat, akwai wani saurayi ɗan Yamai a cikin wannan runduna a wannan ƙasa, yana fagen fama da bindiga a hannu. Shi ne Umaru Ganda, haihuwar 1935, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya komo gida a 1955 bai sami aiki ba, ya gangara Abijan ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Can Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya same shi, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville a 1957. 'Yan ci-ranin da ke cikin wannan fim kowa ya ara wa kansa sunan wani jarumin majigi: Ganda ya zama Edward G. Robinson, wani Eddie Constantine, wani Tarzan. A ƙarshen fim ɗin ana ganin Ganda yana tafe bakin ruwa da wani yaro yana ba shi labarin yaƙin Indocin, kuma maimakon ya tsaya ga baki, sai ya shiga nuna abin da jikinsa: ya ruga, ya duƙa, ya wurga gurneti wanda babu shi, ya zube ƙasa rub da ciki, ya miƙe. Babu tanka, babu hayaƙi, babu abokin gaba ko ɗaya, amma mai kallo ya ga yaƙi. A ganina nan ne farkon babin da muke magana a kansa, domin horon da soja ya zuba a jikin mutum shi ne ya tsaya a madadin dukiyar da fim ɗin ba shi da ita.

Ya kamata a san irin kayan aikin da aka yi wannan da su, domin ƙarancin kayan ne ya haifi salon. Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, shi da kansa ya riwaito cewa a tafiyar da suka yi cikin kwalekwale suka bi kogin Isa daga mafarinsa zuwa teku a 1946 da 1947 ya rasa ƙafafun da ake ɗora kamara, sai tilas ta sa ya koyi riƙe ta a hannu yana bin mutane. Kamarar tasa ta Bell & Howell ce mai fim na milimita 16, wadda ake wana ta da hannu, kuma wani ɗaya ba ya wuce daƙiƙa 25 ko kusa da haka; ba ta ɗaukar sauti, sai an gama a zo a ɗora murya. Wanda ke aiki da irin wannan na'ura, fim ɗin da ke cikinta kuma sai an aika Turai a wanke kafin a ga abin da aka ɗauka, ba shi da sararin cewa a sake sau goma. Dole ɗan wasa ya iya abin da aka ce ya yi tun da farko, ya yi shi cikin numfashi guda, mai kamara kuma ya kasance a inda ya dace a daidai lokacin.

Yamai ta shekarun farko na 'yancin kai gari ne mai son sinima ƙwarai. Gidajen kallo marasa rufi suna cika da dare, ana nuna finafinan kaboyi na Amurka da na Indiya, samari kuma suna fitowa suna kwaikwayon tafiyar jarumi da yadda yake zaro bindiga. A cikin wannan yanayi Mustafa Alasan ya taso. An haife shi a 1942, ya yi kanikanci, kuma tun yana yaro yana zana hotuna bisa takarda mai shara-shara ya haska su da fitila a bango ya tara 'yan kallo. Ya sami aikin zane a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, inda ya haɗu da Rouch, ya fitar da Aouré a 1962, ya je Kanada ya ƙaro ilmin hoto mai motsi wajen Norman McLaren. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, watau komowar ɗan yawon duniya, fim na minti 34 mai launi, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin kaboyi na farko na Afirka baƙar fata.

Labarin gajere ne. Wani saurayi mai suna Jimmy ya komo daga Amurka da akwati cike da huluna da takalma da bindigogin kaboyi, ya raba wa abokansa tsaraba, kowa ya tuɓe sunan da aka raɗa masa ranar suna ya ɗauki wani: Black Cooper, James Kelly, Casse-Tout, Billy Walter, da yarinya guda, Reine Christine. Daga wasa sai abin ya zama fitina. Suka shiga satar dabbobi, da doke-doke a mashaya, da cin mutuncin dattawa, har gari ya rasa sukuni, manya suka zauna neman magani, su kuma 'yan ƙungiyar kansu ya rabu suka juya wa juna bindiga. Masu sharhi sun daɗe suna magana a kan baɗinin fim ɗin, watau gargaɗin da yake yi game da aron ɗabi'ar wasu ba tare da tacewa ba, kuma sun yi daidai. Amma zahirinsa ma abin nazari ne. Waɗanda suka fito a ciki, irin su Jingare Maiga da Zalika Sule, samarin gari ne masu sana'o'insu, ba wanda ya taɓa shiga makarantar wasan kwaikwayo, kuma babu wani ƙwararre da aka ajiye gefe domin ya karɓi faɗuwa a madadin jarumi kamar yadda ake yi a Hollywood. Wanda aka gani bisa doki yana sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke kiwo, shi ne bisa dokin. Wanda aka naushe ya kifa, shi ne ya sha ƙasa. Ƙasar dawaki ce, sirdi da linzami ba baƙi ba ne, saboda haka abin da Ba'amurke ke kashe dukiya ya koya wa ɗan wasansa, Alasan ya same shi a ƙofar gida. Serge Moati, wanda ke Yamai a lokacin, ya bi su da tasa kamarar ya ɗauki yadda ake aikin, ya fitar da Les cow-boys sont noirs a wannan shekara, kuma wannan shaida ce mai daraja ga duk mai son ya ga yadda ake haɗa fim ɗin faɗa da himma da ɗan abin hannu.

Irin wannan ruhi ne ya sake bayyana a 1974 a Cocorico Monsieur Poulet, wanda Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Tallu Muzuran suka yi tare da Rouch. Tsohuwar mota ce ƙirar 2CV ta masu fataucin kaji, wadda ba ta da takardun da za ta bi gadar Kennedy da su, sai aka ƙetare kogi da ita sau uku, kowane karo da tasa dabarar, kuma duk a gaban kamara aka yi, da ƙarfin damtse da igiya da sanin halin ruwa. A tsakanin nan Ganda ya zama mai shirya fim na kansa: Cabascabo, labarin tsohon sojan Indocin, an nuna shi a Cannes a 1969, kuma Le Wazzou polygame ya ci babbar lambar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, Allah ya jiƙansa, aka sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Finafinan Bruce Lee da Jackie Chan suka maye gurbin kaboyi a zukatan yara, har ya zama ba unguwar da ba a ganin yaro yana ihu yana harbin iska da ƙafa. Kuɗin yuraniyom ya ja baya, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kaset ya shiga gidaje, gidajen sinima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Finafinan Kano, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990, suka cika kasuwar Yamai da Maraɗi da Damagaram, amma ƙarfinsu yana ga soyayya da waƙa da barkwanci. Faɗan da ke cikinsu galibi ƙarar naushi ce da aka ɗora daga baya, hannu kuwa bai kai ga fuska ba. A Yuganda ne aka ga wanda ya ɗauki ɗaya hanyar: Isaac Nabwana na unguwar Wakaliga a Kampala ya tara samari masu horon kung fu, ya fitar da Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da aka ce bai wuce dalar Amurka 200 ba, duniya kuma ta kalla.

Yadda ake ɗaukar parkour da ƙaramin jari yana da ƙa'idoji, kuma ƙa'idojin sun yi kusa ainun da na zamanin Alasan. Babbar cikinsu ita ce kada a yanke hoto a tsakiyar tsalle. Mai kallo ba ya gaskata abin da bai gani da idonsa daga tashi har sauka ba. In aka nuna ƙafa ta bar katanga, aka yanke, aka nuna ta taɓa ƙasa, to ko yaro ya san an yi masa rufa-ido. Saboda haka ake ja da baya da kamara a nuna mutum gaba ɗaya tare da tazarar da zai ƙetare. Halattacciyar dabara kuwa ita ce mai kamara ya kwanta ƙasa ya ɗaga ta sama, sai katanga mai kamu shida ta yi kama da bene. Ko a ɗauki tsalle uku a wurare uku masu nisa da juna, a haɗa su su zama gudu guda, da sharaɗin kowane tsalle ya kasance na gaskiya. Shi kuma mai dirowa yana sauka bisa ƙwallon tafin ƙafa, dunduniya ba ta fara taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwasa kaɗan, ya kai hannu ƙasa ya mirgina ta kan kafaɗa guda zuwa ƙugun ɗaya gefen, domin nauyin faɗuwa ya bazu kada ya taru a gwiwa ko a gadon baya, kai kuma ya kauce wa ƙasa. Daƙiƙa biyun nan da mai kallo ke gani, shekaru ne na maimaitawa daga tsawon kamu ɗaya.

Sai dai kowane gari yana da irin gudun da gininsa ya yarda da shi, kuma nan ne mai kwaikwayo ba da tunani ba zai ji ciwo. Benayen Évry na kankare ne, masu shimfiɗaɗɗen rufi, suna kusa da juna. Yamai kuwa, tun da aka komo da mazaunin mulki cikinta daga Damagaram a 1926, faɗi take yi fiye da tsawo; in aka ɗebe manyan gine-ginen zamanin yuraniyom da ke tsakiyar gari, da filin wasa na Janar Seyni Kunce, da gadoji, sauran gidaje ne na ƙasa da bulo masu rufin kwano. Kwano ba ya ɗaukar nauyin mutum sai a daidai inda katako ya bi ta ƙarƙashinsa, yana zafi da rana, bakinsa yana yanka. Katangar ƙasa kuma bayan ruwan sama kanta yakan ɓare a hannun wanda ya kama shi. Banda haka, bayan kowace katanga akwai tsakar gida da iyali, kuma leƙa gidan mutum ba da sallama ba abu ne da addini da al'ada suka haɗu a kan haninsa. Abin da Yamai ke da shi wanda Paris ba ta da shi shi ne lungunan Bukoki da Gamkalle, da cunkoson rumfunan Babbar Kasuwa da Katako, da amalanke da kura da kabu-kabu, da jerin kwalekwale a bakin kogi, da rairayin da yara ke alkafura a kansa in ruwa ya janye. Gudun da za a ɗauka a nan gudu ne na ƙasa-ƙasa, na kutsawa da sulalewa da tsallake buhuna, kuma ba ya ƙasa da na bene wajen tsinka zuciya in mai kamara ya san aikinsa.

Gwanayen jiki ma ba sai an yi odarsu daga waje ba. Tun 1975, da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, Nijar take renon mutanen da suka san yadda ake ɗaga ƙato a kayar, da yadda ake faɗuwa ba a karye ba, wanda shi ne rabin ilmin fim ɗin faɗa. Akwai 'yan langa masu gudu da ƙafa guda, akwai 'yan dambe, akwai mahauta masu hawan ƙaho waɗanda ke rungumar kan bijimi yana wujijjiga su, akwai 'yan hoto masu cilla galma sama su tare ta da jiki. Mutane sukan jingina abin ga laya da guru, amma wanda ya zauna da masu yin ya san ƙarƙashin wannan duka akwai horo tun ƙuruciya, da ladabin almajiri ga malaminsa, da sanin iyakar da ba a wucewa.

Akwai kuma haƙƙi, wanda ba ya halatta a rufe wannan magana ba a ambace shi ba. In jiki ne jarin fim, to mai jikin shi ya zuba jari mafi tsada, domin kamara in ta fashe ana sayen wata, ƙashin baya kuwa ba a sayarwa a kasuwa. Jiki amana ne, shari'a ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta a babin ijara cewa lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki. Mai shirya fim da zai ce wa yaro ya diro daga soro, wajibi ne ya auna tsawon da kansa, ya shimfiɗa katifa ko kwalaye inda kamara ba ta gani, ya yanke lada a gaban shaidu, ya kuma ɗauki lamunin magani in tsautsayi ya auku. Tarihin Yamai ya nuna abin da ke faruwa in an yi sakaci da haƙƙin ɗan wasa. Zalika Sule, wadda ta hau doki a 1966 ta kuma fito a manyan finafinan Ganda da Alasan da Maiga, ta sha zagi a titi saboda mutane sun kasa rarrabe ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu, kuma da Rahmatu Keita ta ɗauki tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi, sai aka gan ta tana zaune cikin ƙunci a gidan da ko famfo babu. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau, ta rasu a 2021.

Rouch ya mutu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni a Fabrairun 2004 aka binne shi a Yamai. Alasan, bayan shekarun da ya yi yana jagorantar sashen sinima a jami'ar Yamai da zamansa na Tawa, ya rasu a Wagadugu a Maris na 2015. Shekara biyu bayan rasuwarsa gidan adana fasaha na MoMA a birnin New York ya tattara finafinansa ya nuna su a jere. Samarin da ke ɗaukar gajerun finafinan faɗa da waya a unguwannin Yamai sun fi mutanen New York bukatar ganin Le Retour d'un aventurier, kuma aikin da ke gaban hukumar sinima ta ƙasa da cibiyar Umaru Ganda shi ne su nemo kwafinsa mai kyau, su haska shi a bango a Bukoki da Yantala da Haro Banda, su gayyato Les cow-boys sont noirs tare da shi domin a ga fim ɗin a kuma ga yadda aka yi shi.